Daga Kufai Zuwa Mujalla

 An nemi mu yi bayani a kan yadda ake shirya maƙala a aika wa mujallar ilmin kufai, watau ilmin nan da ke bin diddigin tarihin magabata ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai sha'anin takarda da tawada ne, bai isa a tara jama'a dominsa ba. To, muna roƙon a yi haƙuri a saurare mu, domin za mu kafa hujjarmu da ƙasar da da yawa daga cikinmu muka fito, watau ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato.

Abin Da Ƙasa Ta Riƙe

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san kufai tun yana yaro. Ya san inda kukoki suka yi cincirindo a tsakiyar gona alhali babu gida ko ɗaya a kusa. Ya san tudun da garma ke fito da tsingaro duk damina, da gurbin ganuwar da ruwa ya zaizaye, da kashin tama wanda yara ke jifar tsuntsaye da shi, ba su san cewa a wurin aka taɓa narkar da ƙarfe ba. Rubutaccen tarihi ya ba mu labarin wannan ƙasa gwargwado. Mun san kafin jihadin 1804 tana tsakanin daular Kabi da ta Zamfara, mun san kuma a Tambuwal Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Amma littattafan malaman Sakkwato, tun daga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello har zuwa Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, sun fi ba da ƙarfi ga labarin malamai da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Manomin da ya fara saran daji a bakin Gulbin Zamfara, da maginiyar tukwane, da maƙerin da ya narkar da tama, ba su da mai ba da shaidarsu sai ƙasa.

In mutum ya buɗe mujallun ilmin kufai yana neman wannan shaida, zai sha mamaki. A arewa da mu akwai Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, wanda aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma miƙa sunansa ga UNESCO a 2007. A kudu da mu akwai wani tudu kusa da Yelwa, wanda aka tona lokacin da ake gaggawar ceto kayan tarihi kafin ruwan madatsar Kainji ya malale ƙasar, rahotonsa na share fage ya fito a 1970. Tsakanin waɗannan biyu, inda Tambuwal da Kebbe suke, abin da aka buga kaɗan ne ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A shekarun 1990 wasu mutum-mutumi na gasasshen yumɓu suka riƙa bayyana a kasuwannin kayan tarihi na Turai, ana kiransu da sunan Sakkwato da Katsina. Masu tonon sata ne suka fitar da su. Ɓarnar ta kai har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, tare da na Nok. Ga kayan ana kallo a ƙasashen mutane, ga sunanmu a kansu, amma yawancinsu babu wata takarda da ta ce daga wane rami suka fito, a wane zurfi, tare da me. Sun zama kamar shaidar da aka kawo gaban alƙali bayan an yanke masa harshe.

Tono Zarar Bunu Ne

Abin da ya bambanta ilmin kufai da sauran fannoni shi ne, mai bincike yana rushe abin da yake karantawa. Masanin tarihi in ya karanta wasiƙar wani sarki, sai ya mayar da ita ma'ajiya, gobe wani ya zo ya duba ko ya karanta daidai. Amma wanda ya tona tudu, ya ɗebe ƙasa hawa bayan hawa, ba shi da ikon mayar da ita yadda take. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, to, haka tono yake. Daga ranar da aka rufe ramin, wurin ba ya nan sai a littafin mai bincike da zane-zanensa. Idan bai buga ba, bambancinsa da ɓarawon da ya tona da dare bai taka kara ya karya ba, illa shi yana da takardar izini.

Dubi misalin Igbo-Ukwu. Thurstan Shaw ya yi tono a can a 1959 zuwa 1960, ya koma a 1964, sa'an nan ya buga cikakken rahoto mai juzu'i biyu a 1970. Da ya ce kayan tagullar na wajen ƙarni na 9 ne, wasu masana suka yi masa gardama, cikinsu har da Babatunde Lawal a 1973. Gardamar ta yiwu ne domin ya shimfiɗa hujjojinsa a fili, kowa na iya auna su, kuma har yau ana komawa ga wannan rahoto. Dubi kuma Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. An tona kaburburan a 1992, amma sai a 2011 cikakken bayaninsu ya fito a Jamus. Kusan shekara 20 ke nan ɗaliban tarihin ƙasar Hausa suna jira.

Kafin A Ɗauki Alƙalami

Maƙala ba a tebur take farawa ba, a bakin rami take farawa. Abu na farko shi ne izini. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana kowa tonon kayan tarihi sai da iznin hukumar. Mujallar kirki za ta so ta san da iznin wa aka yi aikin, da inda aka ajiye kayan da aka samu. Bayan iznin hukuma akwai na masu ƙasa, watau uban ƙasa da hakimi da mai gona, domin kufan da muke kira wurin bincike, su makwancin kakanninsu ne.

Abu na biyu shi ne littafin aiki. Duk abin da ba a rubuta ran da aka gan shi ba, ya tafi. A rubuta zurfin kowane hawa na ƙasa, da launinsa, da abin da ke cikinsa. A zana bangon ramin kafin a rufe. Kowace jaka ta tsingaro a sa mata lamba ciki da waje, da tawadar da ruwa ba ya wankewa. Za mu dawo kan dalilin da ya sa muke nanata wannan.

Abu na uku shi ne tambaya. Maƙala guda tambaya guda take amsawa. Ɗalibi yakan so ya zuba dukan kundin digirinsa cikin shafi 20, tun daga asalin Hausawa har zuwan Turawa, sai maƙalar ta zama gwanjo. A ɗauka ɗayanku ya bincika wani kufai tsakanin Tambuwal da Kebbe. Tambayarsa na iya zama: shin an zauna wannan wuri kafin a gina ganuwarsa, ko tare suka fara? Wannan ta isa. In ya amsa ta da hujja, ya ƙara wa ilmi abin da ba shi da shi jiya.

Zaɓen Mujalla

Kowace mujalla da irin abincinta. West African Journal of Archaeology, wadda aka fara bugawa a Ibadan a 1971, ta Afirka ta Yamma ce. Azania ta fara a Nairobi a 1966 da gabashin Afirka, daga baya ta buɗe ƙofa ga nahiyar duka. African Archaeological Review ta fara a 1983, Journal of African Archaeology kuwa a 2003 a Frankfurt ta Jamus. Akwai kuma Nyame Akuma, wadda ta fara fitowa a 1972, ita gajerun rahotannin aikin fili take bugawa, saboda haka ta dace da mai zagayen kufai na farko wanda bai yi tono mai zurfi ba.

Kafin a zaɓa, a karanta fitowar mujallar ta shekara biyu ko uku da suka wuce, a ga irin tambayoyin da take sha'awa. Sa'an nan a nemi ƙa'idojinta na masu rubutu, a bi su sau da ƙafa, daga yawan kalmomi zuwa tsarin manazarta da girman hotuna. Edita mutum ne mai tarin aiki. In ya ga an saɓa wa ƙa'idar da ke rubuce ƙarara, sai ya fara zaton an yi irin wannan sakaci a bakin rami ma.

Muna kuma yi muku kashedi da wasu mujallu na 'yan kasuwa da suka yi yawa a intanet, masu aiko da wasiƙar yabo, su yi alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Abin da aka buga a can ba a tantance shi ba, masana ba sa dogara da shi, kuma mujallar kirki ba za ta sake karɓarsa ba tun da ya riga ya fita. Mai gaggawar neman ƙarin girma a wurin aiki shi ya fi faɗawa wannan tarko.

Gani, Ji, Da Zato

Ginin maƙala sananne ne: take, tsakure, gabatarwa, bayanin wuri, hanyar aiki, abin da aka samu, tattaunawa, sai manazarta. Ba za mu ɓata lokaci a kan jerin ba. Abin da muke so ku riƙe shi ne, a cikin wannan gini akwai ɗaki uku da bai kamata a fasa bangon da ke tsakaninsu ba: abin da muka gani, abin da muka ji, da abin da muke zato.

Abin da muka gani shi ne, alal misali, a zurfin kaza mun sami toka da gawayi da tsingaro mai zanen murɗaɗɗiyar igiya. Wannan a faɗe shi da ƙidaya da awo, ba ado. Abin da muka ji shi ne, wani dattijo ya gaya mana cewa Zamfarawa ne suka kafa garin, ko kuwa yaƙi ne ya tashe shi. Wannan shaida ce mai daraja, amma lalle ne a faɗi wanda ya faɗa in ya yarda, da matsayinsa a gari, da ranar da aka yi hirar, da harshen da aka yi ta. A kuma tuna cewa labarin kafuwar gari yakan tafi tare da maganar sarauta da ta gona, kowane gida da yadda ya gāje shi. Abin da muke zato kuwa shi ne ma'anar da muka ba waɗannan biyu in mun haɗa su, kuma wurinsa sashen tattaunawa.

Kuskuren da ya fi yawa a rubutunmu shi ne mu ɗauki ji mu sa masa rigar gani. Sai ka karanta an ce tukwanen Kabawa ne, alhali tukunya ba ta faɗin ƙabilar mai ita. Maginiya ɗaya na iya sayar wa Bakabe da Bazamfare da Bafillace a kasuwa ɗaya. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a wannan fanni ba korarsa ake yi ba, ajiye shi ake yi a nasa mazauni, domin mai karatu ya san wanne ne wanne.

Maganar Shekaru

A nan ne masu tantancewa suka fi sa ido. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen gane shekaru ita ce awon sinadarin kabon 14, wadda Willard Libby da abokan aikinsa suka fito da ita a Amurka a 1949. Duk abu mai rai yana ɗauke da wannan sinadari. In ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730. Ɗakin gwaji zai auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi, ya ba da adadin shekaru da ake ƙirgawa baya daga 1950, tare da ratar kuskure. Wannan adadi ba shi ne shekarar kalanda ba, sai an daidaita shi da ma'aunin da masana ke sabuntawa lokaci-lokaci. Saboda haka a maƙala lalle ne a kawo lambar da ɗakin gwaji ya ba samfurin, da irin abin da aka auna, da hawan da ya fito, da adadin kafin daidaitawa da bayanta.

Akwai tarko biyu da suka shafi ƙasarmu kai tsaye. Na farko, awon yana nuna lokacin da itacen ya daina girma, ba lokacin da aka hura wutar ba. Maƙeranmu sun fi son gawayin ƙirya, ita kuwa itaciya ce mai daɗewa, cikinta na iya girme wa wutar da shekaru masu yawa. Ƙwayar gero ko dawa da ta ƙone ta fi gawayin babban ice faɗin gaskiya, domin damina ɗaya ta rayu. Na biyu, awon kabon ba ya rarrabe shekarun da ke tsakanin wajen 1650 da 1950 da kyau, samfuri ɗaya na iya dacewa da lokuta biyu ko uku a cikinsu. Ma'anar wannan ita ce, wanda ke son ya nuna ko an gina wata ganuwa kafin jihadi ko bayansa, gawayi kaɗai ba zai raba masa gardama ba. Sai ya nemi taimakon wasu shaidu. Lofen shan taba, alal misali, in an same shi a hawan da ba a dagula ba, yana nuna hawan bai girmi wajen 1600 ba, domin daga Amurka taba ta zo, kuma wajen wannan lokaci ta iso Afirka ta Yamma.

Taswira Da Sunaye

Maƙalar kufai ba taswira kamar wasiƙa ce ba adireshi. A sa taswirar da ke nuna wurin a cikin Nijeriya, da wata ta kusa mai nuna gulbi da garuruwa da hanyar Sakkwato zuwa Jega, kowacce da ma'auni da alamar arewa. Kowane hoto a ajiye masa sandar awo a gefe. A kuma lura da sunaye. Editan da ke Turai ba lalle ne ya san Kebbe ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, dabam da Jihar Kebbi da aka ƙirƙira a 1991, dabam kuma da tsohuwar daular Kabi ba. In ba a bayyana masa ba, sai ya yi zaton kuskuren bugu ne ya gyara, kufanku ya tashi ya koma wata jiha. Haka nan Tambuwal, a tsofaffin littattafai za ku tarar an rubuta ta Tambawel. A zaɓi rubutu ɗaya, a ambaci sauran sau ɗaya, domin mai nema a ma'ajiyar takardu ta Kaduna ya gane.

Amma taswira takobi ce mai kaifi biyu. A Nijar, Boubé Gado ya tona maƙabartar Bura a 1983, kuma bayan an baje kolin kayan a Turai a shekarun 1990, masu tonon sata suka yi wa yankin kaca-kaca. Idan wurinku na ɗauke da abin da kasuwa ke kwaɗayi, ku shawarci edita a kan kada a buga ainihin lambobin wurin, a ajiye su a hannun hukuma inda mai bincike na gaskiya zai same su.

Ambaton Nijar ya tuna mana da wani abu. Da yawa daga cikin mujallun nan na buga tsakure da Faransanci ban da Ingilishi, kuma masu tantancewa za su tambaya ko kun karanta aikin maƙwabta. Iyakar da ta raba mu da Ƙonni da Dogon Dutsi ta jiya-jiya ce, magina tukwane da fatake ba su san da ita ba. Duk abin da kuka ɗauko daga wani kuwa, ko da daga kundin ɗalibin da ba a buga ba ne, ku faɗi mai shi. Wanda ya yi aikin fili tare da ku har ya cancanci suna a kan maƙalar, a sa sunansa. Wanda bai yi kome ba, kada a sa don girmansa.

Ranar Wanka

Yanzu ta intanet ake aika maƙala, tare da gajeriyar wasiƙa ga edita mai faɗin abin da ke sabo a cikinta, da tabbacin cewa ba a aika wa wata mujalla ba. Aika wa biyu a lokaci guda cin amana ne a wannan sana'a. Edita zai duba, in ta dace ya miƙa wa masana, galibi biyu, waɗanda yawanci ba za ku san sunayensu ba. Jira na iya kai watanni. Amsa kuwa ɗaya ce cikin huɗu: an karɓa, a yi ƙananan gyare-gyare, a yi manyan gyare-gyare, ko an ƙi. Ta farkon ba kasafai ake samunta ba, ko ga manyan malamai.

A nan za mu faɗa muku abin da ya same mu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maƙalarmu ta farko a kan wani kufai ce a wannan yanki. Mun rubuta da gadara cewa garin na zamanin Kanta ne, domin wani dattijo ya gaya mana haka, kuma muna da awon gawayi ɗaya da ya yi kusa da lokacin. Mujallar da muka aika wa ta dawo mana da tambaya uku daga wani mai tantancewa. Daga wane hawa gawayin ya fito? Ina zanen bangon ramin? Ban da dattijon nan, wa ya faɗi haka? Muka koma ga jakunkunanmu, sai muka tarar gara ta cinye takardar da ke cikin jakar gawayin, ta wajen kuma rana ta kashe tawadarta. Zanen bango kuwa ba mu yi ba, mun dogara ga hoto, hoton bai fito ba. Ramin an rufe shi, mai gona ya yi shuka a kai.

Mun yi fushi, mun ce baƙo ne da bai san ƙasarmu ba yake raina mu. Takardar ta yi watanni a cikin akwati. Da zuciya ta huce muka sake karantawa, sai muka ga bai ce garin ba na zamanin Kanta ba ne, cewa ya yi ba mu nuna ba. Muka cire da'awar, muka bayyana ganuwar da tukwanen da abin da dattijon ya faɗa, kowanne a mazauninsa, ta fita a matsayin gajeren rahoto. Amma shaidar gawayin nan ta tafi har abada, kuma hannunmu ne ya ɓatar da ita. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka nanata maganar lamba a kan jaka.

Saboda haka in gyare-gyare sun zo muku, ku tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya, ku nuna shafin da kuka gyara. Ba dole ne ku yarda da kome ba. Mai tantancewa na iya kuskure, musamman a kan abin da ya shafi harshe da al'adar wurin da kuka fi shi sani. In haka ta faru, ku faɗa cikin ladabi, ku kawo hujja. In an ƙi maƙalar ɗungum, ku ɗauki abin amfani daga sukar, ku gyara, ku aika wa wata. In an karɓa, za a aiko muku da gwajin bugu na kwana kaɗan. Ku duba lambobi da sunayen garuruwa da idon basira, domin daga nan sai ɗab'i.

Komawa Gida

Aiki bai ƙare da fitowar mujalla ba. Maƙalar da Ingilishi take, mujallar kuma sau da yawa sai da kuɗi ake karanta ta, mutanen da suka nuna mana kufan suka ba mu ruwa da masauki ba za su taɓa ganinta ba. Haƙƙinsu ne a mayar musu da labari. A rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa, a kai wa uban ƙasa da makarantun yankin, a ajiye kofe a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da sashen ilmin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Manomin da ya san darajar tudun da ke gonarsa shi ne mai gadin da ba a biya.

Ku kuma ma'aikata matasa, musamman na ofisoshin ƙasa da safiyo da ayyuka, kuna da hannu a wannan. Ta teburinku takardun hanya da rami da filin gini ke bi. In an buga rahoton wani kufai, kuna da abin nunawa ku ce a kauce masa. In ba a buga ba, katafila za ta bi ta kansa cikin wuni ɗaya, ba wanda zai san an yi asara.

Ga ɗalibai, ba mu ce ku je ku yi tono ba, doka ta hana, kuma bai kamata ba sai da horo. Amma hutu na zuwa. Wanda zai tafi Jabo ko Sanyinna ko Dogon Daji ko Kuchi, inda hanya ke da lafiya, ya tafi da littafi da fensir. Ya tambayi dattawa sunayen kufan da ke kewaye, ya rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, ya kwatanta abin da ya gani a sarari ba tare da ya ɗauki kome ba, ya raba gani da ji. In ya dawo ya kai wa malaminsa su duba tare. Daga irin wannan littafi ne maƙalar farko takan fito.

 Shugaban taro, in da sauran lokaci, a shirye muke mu amsa tambayoyi.